Ba Baba Ilu Ne Ya Tsufa Ba

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni malamin makaranta ne daga Kiru.

Muna da tsohuwar kwamfuta a ofis, Baba Ilu ne ke buga mana takardu da ita. Bana wani mai gyara ya cire mata tsohon tsarinta mai baƙin allo, ya sa sabon da ake yayi, mai hotuna. Tun daga nan takardar jarrabawa ɗaya sai ta ci yini. Muka ce Baba ya tsufa, har aka fara maganar sallamarsa. Ni na fi kowa ɗaga murya. Shi kuwa "Allah ya ba ku haƙuri" kawai yake cewa.

Rannan na ce ya tashi in nuna masa. Wallahi kafin ta buɗe, shayina ya huce. Ashe kayan raƙumi aka ɗora wa jaki! Da aka mayar da tsohon tsarin, kafin azahar Baba ya gama takardun aji uku.

Jama'a, a duba ƙarfin na'ura kafin a canza mata tsari. Baba Ilu, na san kana saurare. A gaban mutane na kunyata ka, a gaban mutane nake roƙon ka yafe mini.