Sale Ya Ƙone Totuwar Ɗiyata

Mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Iro daga Bauranya.

Ɗiyata Hajara tana bincike a jami'a kan sinadarin jan ƙarfe da zai daɗe bai lalace ba, yana taimakawa wajen juya totuwar masara ta zama sinadaran masana'antu. Da kaka ta bi gonaki ta tara buhu-buhu don gwaji. Maƙwabcina Sale ya dinga dariya, wai boko ya ƙare a tsintar shara. Ranar kasuwar Kankia ba ma gida, ya kwashe, matarsa ta ƙone ta yi ruwan toka. Hajara har da hawaye.

Kada kowa ya ba ni haƙuri. Sale, na san kana saurare. Ranar da Hajara ta fara sayen totuwa, kawo taka. Da ashana zan tarbe ka.