Bulala Kan Jan Rubutu

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa, Allah ya ƙara maka lafiya. Ni ce Maman Hafsatu, mai sayar da kyafaffen kifi a kasuwar Lolo, kuma raina a ɓace yake.

Ɗiyata Hafsatu tana aji biyar a firamare. A da ko sunanta aka tambaya sai ta sunkuyar da kai, har ita kanta ta yarda kanta ba ya ja. Sai wata malama 'yar bautar ƙasa ta zo tana koya musu rubuta wa kwamfuta umarni. In yaro ya yi kuskure jan rubutu ke fitowa, malamar ta ce, "Madalla, ga wurin gyara an nuna maka, sake." Wata rana Hafsatu ta dawo gida tana tsalle, wai sau tara ta sake kafin kwalekwalen da ta zana ya motsa.

Malamar ta gama ta tafi. Wanda ya gaje ta ya kafa doka: kowane jan rubutu, bulala ɗaya. Na bar kifina na je na same shi, ya ce, "Hajiya, mu haka aka koyar da mu." Yanzu yarinyar nan hannu a cinya take zama har a tashi.

Jama'a, ku ba ni shawara, wurin wa zan kai kuka? Malamin har yabonta yake yi, wai ta daina kuskure. Gaskiyarsa. Amma kwalekwalen ma bai sake motsi ba.