Birekar Matar da Ake Ji da Ita

A shagon kayan wuta, wata mai sayar da ƙanƙara tana jiran a sallame ta, sai wata mata da ba ta sani ba ta tsaya gefenta tana jujjuya bireka biyu.

"Baiwar Allah, ai duk ɗaya ne, ɗauki mai arahar," in ji mai ƙanƙara.

"Ba ɗaya ba ne. Wannan sai lodi ya yi yawa take yanke wuta. Ɗayar kuwa tana yin hakan, kuma da wuta ta fara zurarewa ta jikin firij ko ta jikin mutum, nan take za ta ɗauke."

"Ke ma gyaran wuta kike yi?"

Matar ta yi dariya. "Ina fa. Maigidana ne ya bincika. Shekaranjiya injin wanki ya ɗan ja ni, ko ƙara ban yi ba, amma ya kashe wutar gidan duka, ya ce ba mai kunnawa sai an sa wannan."

Mai ƙanƙara ta taɓe baki. "Wasu mazan akwai rawar kai. Ni kullum firizata sai ta ja ni, ga ni nan da raina."

"Subhanallahi. Maigidanki ya sani?"

"Ya sani mana."

"To me ya ce?"

Mai ƙanƙara ta daɗe tana gyara mayafinta. "Cewa ya yi in riƙa sa silifas."

Mai ƙanƙara ta juya wajen mai shago ba tare da ta kalli matar ba.

"Malam, ba ni irin tata. Ni zan saya wa kaina."