Ku Maido Mini da Layina

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Mai girma shugaban wannan zama, Sarkin Jirgi Alhaji Sambo. Mai girma wakilin Hakimi. Malam Liman da Fasto Adekunle. Iyayenmu mata masu bandar kifi. 'Yan'uwana matuƙa jiragen ruwa. Baƙinmu da suka tsallako daga ƙasar Benin. Jama'ar Bagudo manya da yara, assalamu alaikum.

Ina gode wa Allah da ya nuna mana taron bana, ina gode wa shugabanni da suka ba ni fili. Sunana Sufyan, ɗan marigayi Bunyaminu mai jirgi. Na ga wasunku suna taɓa juna, suna cewa ashe yana magana. To, ina yi.

Magana ta farko, abin da ya tsayar da ni. Kun san dokar mashigarmu: wanda layi ya zo kansa, shi zai hau goshin jirgi ya kira fasinja da bakinsa, ba a aron murya. Kun kuma san wanda ya yi ta sakin layinsa cire shi ake yi, ba ya komawa sai ya tsaya gaban taron shekara ya roƙa da kansa. Bara aka cire ni, kuma ban ga laifin kowa ba. Tun lokacin jirgin mahaifina yana can ɗaure a gindin giginya, gansakuka na cin cikinsa.

Magana ta biyu, ina da murya, jama'a. Kwara ce shaidata. Kafin a cire ni, idan na kai tsakiyar kogi da sanyin safiya, na kashe inji, hazo ya kwanta bisa ruwa har gaɓa ta ɓace, ba Najeriya ba Benin, sai ni da tsuntsaye, to a nan nake zama Bunyaminu. A nan nake buɗe baki in yi irin kiransa, in ji ya bi ruwa ya tafi, ya tafi, har in zaci ya isa garin Lolo kafin ni. A nan nake ganin jirgina cike da mata da buhunan albasa, ina tsokanar wannan, ina gaishe da waccan. Amma da hazo ya yaye, na hango mutane tsaye a mashiga, sai maƙogwaro ya rufe, zuciya ta yi ta dukan uku-uku, gumi ya jiƙe ni ko da sanyi ake yi. Sai in ga kowane ido ni yake aunawa. Sai in ce wa na bayana, "Shiga, na bar maka."

Ku kuwa sai ku yaba mini. Sarkin Jirgi, Allah ya ja zamaninka, kai ma ka taɓa cewa, "Wanga yaro kunya gare shi, ya fi ubanai haƙuri." Ana yabona, ina komawa gida ina kuka. Mahaifiyata kuma ta ce mutanen ruwa ne suka riƙe mini murya. Na sha rubutu, na sha hayaƙi har rigunana suka fi kifin banda ƙauri. Addu'a ta sanyaya mini rai, ban raina ta ba, amma maƙogwaron bai buɗe ba. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke yi masa yoyo.

Magana ta uku, wadda ta gane. Ga ta can, Mama Kikelomo mai sayen kifi. Wata safiya tana cikin kwalekwalen masunta, hazo ya ɓoye ta, ta ji kirana. Da muka haɗu a gaɓa, ta ga yadda nake zama a gaban mutane, ta ce, "Ɗana, mai kunya ba ya rawar jiki haka. Ƙanena ya yi irin wannan, asibiti ya warkar da shi. Shirya, ni zan raka ka."

Na ce, "Mama, so kike a ce na haukace?"

Ta ce, "Wanda haƙori ya dama, cewa ake yi kansa ya ruɓe?"

Da muka je, likitan bai yi mini dariya ba. Ya ce ciwo ne sananne, tsoron idon jama'a, yana kama malami, yana kama ɗan kasuwa. Ya ba ni magani, ya riƙa zama da ni muna tattaunawa, ya ce mu bi abin sannu a hankali. Na fara da gaishe da mai shayi. Daga nan na yi ciniki a kasuwar Kamba ban gudu ba. Wani lokacin in ci gaba, wani lokacin in koma baya, amma sannu ba ta hana zuwa. Ban ce na warke sarai ba, ga tafin hannuna nan a jiƙe.

Don haka ina kira gare ku, iyaye da iyayen gida: kunya ado ce, amma kunyar da ta hana mutum neman abincinsa, ku dube ta da kyau. Akwai mai ɗinkin da ke ɓuya in baƙo ya shigo, akwai malamin da jikinsa ke rawa a ƙofar aji. Kada ku yaba musu kawai, ku raka su asibiti.

Yanzu, Sarkin Jirgi, ga ni gaban taro kamar yadda doka ta ce. Da bakina nake roƙo: ku maido mini da layina. In kuna shakka, ku saurara.

Lolo! Lolo! Mai zuwa Lolo ya taso, jirgin Bunyaminu zai tashi!

Allah ya tsare mu a ruwa da tudu. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, na fili da na ɓoye. Allah ya mayar da baƙinmu gida lafiya. Allah ya jiƙan mahaifina, wanda ya rasu bai taɓa jin wannan kira daga bakina ba.

Na gode.