Maganin Inna da Aka Ce Sai Bayan Abinci

Mai gabatarwa, ina gaishe ka daga Abijan, inda fari ya koro ni daga Bambeye.

Bara ƙanena Ila ya kai Innarmu asibitin Tawa. Likita ya rubuta mata ƙwayoyi, ya ce ta sha bayan abinci. To, gidanmu wata rana ko hura babu. Inna kuwa ba ta saɓa maganar likita: ran da ba ta ci ba, ba ta sha. Ta rasu, rabin maganin na ƙulle a bakin zanenta.

Ban ga laifin likita ba, jama'a sun yi mashi yawa. Amma da mai ba da magani ya zauna ya tambaye ta me take ci, da ya gane. Ka tambayar mana manya, aikin wa ke nan?

Ila, in kana saurare, ka sani ka riga ka yi iyakar ƙoƙarinka.