Muryar Isufu ta ɓace a oba-oba

Salamu alaikum, Malama mai gabatarwa. Ni ne Baba Ilu, mai gadin sito a unguwar Treichville. Faɗa nake, ana rubutawa.

Maigidanmu ya sayo mana oba-oba, rediyon magana na hannu, masu araha a kasuwar Adjamé, ba lasisi, ba layin kanmu. Direbobin manyan motoci ma kan layin da muke amfani da shi suke hira. Ranar da buhunan shinkafa suka rufto wa abokin aikina Isufu, ya yi ta kira a oba-oba, mu kuwa musun ƙwallon direbobi muke ji. Kafin mu gane muryarsa, ya cika.

Maigida ya ce, "Baba, ƙaddara ce." Na ce na yarda, amma ba na sake riƙe abin nan sai da lasisi, ko da zai kore ni. Jama'a, ina ake samunsa? Allah ya jiƙan Isufu.