Shuɗin Ulu Na Ƙarshe

Wa ya fi cancanta da abu, wanda ya riga ɗauka ko wanda ya fi buƙata? Har yau ban sani ba. A kantin zaren saƙa na ji wata tsohuwa ta tare matashiyar da ta ɗauke dunƙulen shuɗin ulu na ƙarshe.

"'Yata, bar mini shi. Hannu ɗaya ya rage a rigar jikana, wani rinin kuma ba zai dace ba."

"Ba zan bari ba, Iya. Ya riƙa ɓoye hannun a baya."

"Madalla da tarbiyya! Me za ki saƙa?"

"Ajiyewa zan yi. Akwati uku na cika."

"Sannu, mai gadin zare!"

"Ke fa, sarkin sauri? Watan jaririn nawa?"

"Da yana raye, da bana shekararsa biyu."

Matashiyar ta miƙa mata dunƙulen, kanta a sunkuye.